Ranar da Na Hana Mani Direba Wucewa

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da Allah ya yi wa abokina Mani Direba rasuwa, ban kuwa taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Ba don na rasa abin faɗa ba. Duk wanda ya san ni a Kankiya ya san bakina ba ya hutawa, har iyalina kan ce in na fara labarin zamanin Turawa gara a aza tukunya, don sai an ci an wanke kwano ban kai tsakiya ba. Abin da ya ɗaure mini hannu kalma uku ce da Mani ya jefe ni da ita wata safiya a bakin hanya, na yi ta yawo da ita a ƙirji sama da shekara hamsin. Bana Allah ya sauke mini ita, shi ya sa na nemi takarda.

Sai na fara da aikina, don yaran yanzu ba su san shingen ruwa ba. A wancan zamani hanyar da ta tashi daga Kankiya ta nufi Kusada ba ta da kwalta. Marmara ce lebura suka zuba suka daddaɓe. Da rani ba ta da laifi sai gargada mai kaɗa wa mutum hanji. Da damina kuwa, in ruwa ya jiƙa ta, babbar mota guda ɗaya in ta bi ta da kaya sai ta yanka mata rami biyu tun daga farko har ƙarshe, aikin wata guda ya tashi a banza. Don haka hukuma ta gicciya wata doguwar azara a bakin hanyar, aka sa mata sarƙa da kwaɗo. In an yi ruwa a rufe, sai ƙasa ta tsane a buɗe. Ni ne mai riƙon mabuɗin. An ɗauke ni ne saboda na yi ajin yaƙi da jahilci, ina iya rubuta lokacin da na rufe da lokacin da na buɗe.

Baturen hanya da kansa ya nuna mini yadda ake gwadawa. Ba wani injin awo ba ne, diddige ne. Sai in cire takalmi in shiga tsakiyar hanya in danna diddigena da ƙarfi. In ya nutse, ba mota. In ƙasa ta ƙi shi, a ɗage azara. Ya kuma sa aka gaya mini cewa wanda na gada an kore shi ne don ya buɗe wa wani direba alhali ƙasa ba ta tsane ba. Na ji wannan magana da kyau, don a lokacin ban daɗe da aure ba, matata kuma tana da tsohon ciki.

A bakin wannan shinge muka saba da Mani. Mutumin Mawashi ne, ta ƙasar Kusada. Gajere ne kakkaura, hularsa kullum a karkace, ga wani tabo a wuyan hannunsa na dama inda handul ya taɓa dukansa. Handul shi ne ƙarfen da ake zurawa a gaban mota a yi ta murzawa har inji ya kama, don motocin lokacin ba a tayar da su daga zaune. Motar da yake ja ta wani attajirin Kano ce, mai bodin katako da koren fenti, in ta taho tun daga nesa ka san ita ce saboda wani tari da take yi in za ta hau tudu. Da kaka yana kwasar gyaɗa daga Kusada da Dudunni da Bauranya ya kai Kano. In zai dawo ya yo lodin gishiri da kananzir da goro da bandiran yadi, mutane kuma su ɗare can bisa kaya suna riƙe da igiyar tamfol, mai akuya da akuyarsa. Tafiyar da yanzu ake yi tsakanin azahar da la'asar, shi sai ya wuni a kanta. Inji ya yi zafi a tsaya a nemi rijiya, taya ta fashe kowa ya sauko a yi faci, a shiga yashi fasinja su tura. Ba wanda ke ƙorafi, don wanda bai hau ba jaki ne abin hawansa.

Mani ba ya wuce ni bai tsokane ni ba. Shi ya laƙaba mini Sarkin Diddige. Zai matsa ham ɗin motar tun daga kwanar hanya, ya leƙo da kai ta taga ya ce, "Ranka shi daɗe, Sarkin Diddige! Yau ƙahwar ta tashi lahiya, ko talakawa su jira?" Ni kuma in ce masa direban kunkuru, ya wuce kafin motar ta yi barci. In ruwa ya tsare su, direbobi kan taru a gindin wata tsamiya kusa da bukkata, matan Fulani su kawo fura da nono, Mani ya yi ta zuba labarin Kano, rabi gaskiya rabi nasa. Shi ya koya mini murza handul ba tare da na zagaya shi da babban yatsa ba, don kada in samu irin tabonsa. Sau biyu ya kai ni gidansu a Mawashi, na ci tuwon mahaifiyarsa Inna Kulu, wadda ba ta kirana da komai sai ɗana.

To, ranar da nake magana, an sha ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai da gari ya waye sosai. Na rufe shinge na rubuta. Da hantsi sai ga motar Mani daga Kano. Ba ham, ba leƙowa. Ya diro tun kafin ta gama tsayawa, ya ce, "Lawal, buɗe mani."

Na shiga hanya na danna diddige. Ya nutse har idon sawu. Na ce, "Mani, ka dai gani da idonka."

Ya ce, "Inna ce ba lahiya. Yanzun nan a kasuwa wani mutumin garinmu ya tare ni. Ya ce tun jiya sunana take kira."

Na kai hannu aljihu na taɓa mabuɗin. Sai na waiwaya, ga helma, wato shugaban lebura, zaune a gindin tsamiya da mutanensa, duk sun zuba mana ido, kuma na san kafin la'asar maganar ta kai kunnen Bature. Na tuna da cikin matata. Na zaro hannuna babu komai a ciki, na ce, "Ka bari rana ta ɗan buga ta zuwa azahar." Ni da shi duk mun san zancen banza ne, don ko ranar ba a gani saboda hadari.

Ya roƙe ni sau uku. A na ukun har hularsa ya cire ya riƙe a hannu, mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa ko ruwan sha ba. Na sunkuyar da kai na ce ba ni iyawa. Sannan ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Allah ya isa tsakanina da kai." Ya tuɓe takalmansa ya rataya a wuya, ya naɗe ƙafar wando, ya sunkuya ta ƙarƙashin azarar ya kama hanyar Kusada a ƙasa. Ya bar mini motar nan da kayanta a bakin shinge.

Ba sai na gaya wa Bahaushe nauyin wannan kalma ba. Zagi a nan duniya yake ƙarewa. Wannan kuwa ƙara ce aka shigar da kai inda ba ka da mai tsaya maka, kuma ba mai janye ta sai wanda ya shigar.

Bayan kwana uku ya dawo ɗaukar mota, don goron mutane na ciki. Ban ji labarin komai ba a tsakani, ba mai zuwa daga can saboda ruwa. Ya yi sallama a taƙaice ya hau, ni kuma na rasa abin yi da hannuwana, sai na ɗauki handul na zura na fara murza masa. Ina murzawa ina tambaya, ban ko ɗago kai ba. Na ce, "Ya jikin Inna? Ka ishe ta?" Daidai lokacin inji ya kama da ruri, hayaƙi ya turnuƙe. Cikin ƙarar na ji ya ce, "Ta riga ni." Ya sa giya zai wuce. Na tsaya riƙe da handul har sai da wani fasinja ya sauko ya karɓa.

Ta riga shi. Wato ta cika kafin ya isa. Uwa tana kiran ɗanta, ni na tsare shi da azara da diddige har ta mutu ba ta gan shi ba. Haka na fahimta, haka na zauna da shi. Ranar sadakar bakwai na je Mawashi, na zauna can ƙarshen zaure, aka yi addu'a aka shafa, muka yi musabaha ba wanda ya dubi idon wani.

Na san mai karatu zai ce, to, ai sai ka nemi gafara, me ya yi zafi? Haka ne. Ni ma in wani ne ya kawo mini wannan labari abin da zan ce masa ke nan, har in haɗa da faɗa. Amma wallahi na yi niyya ya fi a ƙirga. Shekara ashirin muka ƙara yi tare. Bai yanke ni ba. Da matata ta haihu shi ya kawo ragon suna a bayan motarsa. Duk dawowa daga Kano sai ya ajiye mini ɗan goro. Sai dai tun daga ranar bai sake ce mini Sarkin Diddige ba. Na zama Malam Lawal. "Malam Lawal, an wuni lahiya? Malam Lawal, ya iyali?" Duk sanda ya faɗa sai in ji kamar ya matsar da tabarmarsa nesa da tawa. In na buɗe baki zan yi maganar, sai in ce a raina, yau yana cikin walwala, kada in tono masa. In na gan shi shiru kuma in ce yau ba rana ba ce. Turawa suka tafi, aka cire azara, na koma noma da ɗan tireda, maganar tana nan inda take. Rannan ina gonata a Dudunni, na yi kwana biyu can, na dawo na tarar zazzaɓi ya kwantar da Mani har an kai shi makwanci.

Tun daga nan ban sake jin wa'azi a kan haƙƙin mutane ba gabana bai faɗi ba. Mutum zai iya roƙon Allah abin da ke tsakaninsa da Allah. Wannan kuwa mai shi ya tafi da abinsa.

Nakan zauna yanzu a bakin titi in yi tunanin abin da Mani zai ce da zai leƙo. Kwalta ce shimfiɗe har Kusada, a yi ruwa a yi ƙanƙara ba mai tsayar da kowa. Wannan kam da ya yi murna, na tabbata da sai ya sauko ya shafa ta da hannu. Manyan tireloli masu tayoyi birjik, da ya tsaya ya ƙirga su yana girgiza kai. Direbobin kuwa da sun sha baki. Mutum ya murɗa ɗan mabuɗi mota ta tashi, in ta tsaya kuma ya tsaya yana kallonta sai an kira makanike. Mani da wayar ƙarfe da tsumma yake kai motarsa gida. Gudun da suke yi ma da bai yafe musu ba, shi da kan ce kayan mutane da rayukan mutane ba a sauri da su. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wayar hannun nan ce. Da a yau ne, da an kara wa Inna Kulu ita a kunne ta ji muryar ɗanta, ko hanya ta buɗe ko ba ta buɗe ba. Shekara da shekaru duk sanda na bi hanyar nan a mota ba na iya hira. Sai in riƙa duban gefen titi ina cewa, nan ya bi, nan ma ya bi, ƙafa ba takalmi.

Bana 'ya'yana suka haɗu suka biya mini kujerar Makka, Allah ya yi musu albarka. Kamar yadda aka saba, na shiga zagayen dangi da abokan zama ina sallama ina neman yafiya. Na gama da kowa, saura gida ɗaya da nake ta kewayewa. Mani yana da ƙanwa, Indo, wadda ita ta yi jinyar Inna Kulu, tana nan da ranta a Mawashi. Na ce a raina, mai haƙƙi ya tafi, amma ko ba komai in faɗa a gaban jininsa kafin in je in tsaya gaban Ɗakin Allah.

Na same ta da hantsi a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma bakin na nan irin na wanta. Muka gaisa, ta yi mini murna, ta ce ashe da rabon tsohon mai shinge ya hau jirgi. Na zauna na yi ta kame-kame, har ta ce, "Yaya Lawal, in magana ce ka kawo, aje ta, gyaɗar nan ba ta jira."

Na ce, "Indo, gafara na zo nema. Ba taki kaɗai ba, ta Mani. Ni na hana shi ganin Inna da rai."

Ta tsaya da ɓarar. Ta ce, "Wa ya ce maka bai gan ta ba?"

Na ce shi da bakinsa.

Ta yi salati ta tafa hannu. Ta ce, "Ni ina nan, a ɗakin can da ka ba baya. Ana kiran la'asar ya shigo, taɓo har gwiwa, ƙaya ta yayyanke mai ƙahwa. Yana yin sallama Inna ta buɗe ido. Shi ya ba ta kunu da hannunshi. Ba ta cika ba sai washegari da hantsi, kanta bisa cinyarshi."

Ban san sanda na dafa ƙasa da hannu biyu ba. Na ce, "Amma ya ce mani ta riga shi."

Ta ce, "Mi ka tambaye shi?"

Na ce, "Na ce ya jikin Inna, ka ishe ta."

Ta ce, "To ai ta farkon ya amsa maka! Ta riga mu gidan gaskiya ya ce, kai kuma ka tsinci rabi ka ruga da shi. Kai, Yaya Lawal! Shekara hamsin?"

Dariya take yi, hawaye na zubo mata. Ni kuwa na kasa ko ɗaya. Da na samu numfashi na ce mata duk da haka akwai sauran magana, don ya yi mini Allah ya isa a gaban jama'a, kuma ban ji ya janye ba. Ta ce ita ta ji. Ta ce da Inna ta ɗan farfaɗo ta tambaye shi ina motar, don ta saba jin tarinta tun daga bakin gari. Ya gaya mata komai cikin fushi, har da abin da ya faɗa mini. Inna, wadda magana ma da ƙyar take fita, ta ce masa, "Amana aka ba yaron nan. Kai in mai mota ya ba ka kaya, kana kwance wa duk wanda ya yi kuka? Janye ina ji." Ya sake miƙa mata kunu. Ta ce ba ta sake shan kunun sai ya janye. Ya ce, "Na janye, na yahe mai duniya da lahira." Ta ce kunnenta ya yi nauyi, ya sake. Ya sake faɗa da ƙarfi, har Indo ta ce maƙwabta ma sun ji.

Na ce, "To don mi bai gaya mani ba? Don mi na koma Malam Lawal?"

Ta ce, "Kunya. Ya sha ce mani da wane ido zai dubi mutumin da ya yi wa wannan kalma gaban lebura, ya sake yi mai wasa. Ni na ɗauka kun daɗe da gamawa tsakaninku, tunda kullum kuna tare." Sannan ta ce, "Ciwon ajalinshi ma sau biyu yana cewa a kira mai kai. Aka je aka ce kana gona. Na zaci ganinka kawai yake so."

Na dawo Kankiya a ƙaramar mota ranar, kuma direban zai ba da shaida, tun daga Kusada nake zuba masa surutu har ya ƙosa. Na ci tuwo malmala biyu, matata tana tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, irin wadda na manta da ita. Alhamdu lillahi. Ban hana uwa ganin ɗanta ba, kuma babu ƙarar da ke jirana. Ban ce na yi daidai a ranar ba, har gobe ban sani ba ko da na buɗe motar za ta kai ko za ta kafe a hanya. Abin da na sani shi ne Allah ya rufa mini asiri ta bakin wata tsohuwa da ke kan gargara, wadda ta ga ya kamata ta kashe sauran numfashinta a kan ɗan wani.

Motar Mani ta daɗe da zama tarkacen maƙera. Tsamiyar an sare ta, inda bukkata take yanzu wani ne ke sayar da fetur a kwalba. Waɗanda suka san shi a bakin sitiyari ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Abin da ya rage nasa, a ganina, ba tuƙi ba ne. Mutum ne da ya bar mota ya taka taɓo wuni guda don uwarsa ta kira, ya kuma haɗiye fushinsa a take don ta ce ya haɗiye. Aibinsa irin nawa ne, mu biyu mun bar kunya ta ci mana shekara ashirin na wasa da dariya.

Saura abu ɗaya. Shi an ji tasa yafiyar, akwai shaidu. Ni tawa ce ba a ji ba, ya kuma aika a kira ni sau biyu ban zo ba. Don haka zan faɗa a nan. Mani ɗan Inna Kulu, ba ka yi mini komai ba, in ma ka yi na yafe maka duniya da lahira. Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Inna, ya haɗa mu a inda ba a rufe hanya. Ku da kuka karanta, ku ne shaiduna.